Tagar da Inna Ta Toshe

Ɗakin da na yi jego uku a cikinsa taga ɗaya gare shi, can sama kusa da azara, faɗinta bai fi faranti ba. Ɗakin mahaifiyata ne, wadda muke kira Inna, a gidanmu na Sheshe. Har yau in na rufe ido ina jin warinsa: hayaƙin gawayi, ganyen wanka, da man da ake shafa wa jariri.

Ina da shekara goma sha tara na samu cikin fari. Sau biyu na je awo. A zuwa na biyu aka ɗebi jinina, aka ba ni wani kati mai ruwan hoda, an zagaye wani wuri a jikinsa da jan biro. Malamar asibitin ta ce da zarar na haihu, kada in wuce kwana uku ban zo an yi mini wata allura ba. Ban tambaye ta dalili ba. Kunyar cikin kanta ta ishe ni, balle in tsaya yi wa baƙuwa tambayoyi a gaban layin mata.

Na tafi goyon ciki gida kamar yadda kowace mai cikin fari take yi, na haifi 'yata mace a hannun ungozoma, lafiyayya. Washegari na tuna wa Inna maganar allura. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wace allura kuma? Mai ɗanyen jego ce za ta fita titi kwana biyu da haihuwa? Ke lafiya, 'ya lafiya. Kawo takardar in adana miki."

Ta saka katin a cikin wata langa da take ajiye takardu, ta mayar da murfi. Na daɗe ina ba da labarin nan kamar hana ni aka yi ina kuka. Gaskiyar ita ce daɗi na ji. Ruwan zafin wankan jego ya gama sassaɓe ni, ko tsakar gida ba na son takawa. Na sha kunun kanwata na koma na kwanta.

Bayan shekara uku na haifi namiji a Madabo, gidan mijina. Malam, haka nake ce masa, ya sayo rago tun kwana biyu da haihuwa ya ɗaure a soro. Ran kwana biyar kukan yaron ya canza, ya zama siriri mai tsini, ya saki nono, ya riƙa banƙarewa. Kafin la'asar ya koma. Sai da aka fito da shi tsakar gida za a yi masa wanka, wata tsohuwa ta ce, "Kai, yaron nan ai shawara ce ta ci shi, ku dubi yadda ya yi ruwan ɗorawa." Wasu suka ce iska ce. Inna ta ce baki ne. Gidan yawa ne, kowa ya zo barka sai ya ɗauki yaro ya ce tubarkalla da fatar baki, wa ya san abin da ke cikin zuciyarsa?

Saboda haka da ciki na uku ya tsufa, ta zo da kanta ta tafi da ni Sheshe. Ta hau kan akwati ta toshe tagar nan da tsumma. Ta ƙara labule na biyu a ƙofa. Ta ce duk mai barka ta tsaya a tsakar gida ta yi addu'arta ta tafi, ba wadda za ta ga jariri sai ranar suna. Fitilar ƙwai ɗaya ce a ɗakin dare da rana. Na haifi mace. Ita kwana huɗu ta yi. A wurin wanka, a hasken rana, na sake jin an ambaci shawara.

Daga nan sunana ya koma mai wabi, wato wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa. Ba a faɗa a gabana. Amma in na shiga gidan suna sai in ga mai jego ta gyara wa ɗanta zani, ta ɗan juya shi gefe. Ni kuma ba ni da haƙuri, kowa ya san ni da riƙo. Na daina zuwa suna gaba ɗaya, na ce wa masu tambaya ƙafa ce take damuna. Raguna biyu aka kwance daga soron Malam ba a yanka ba.

Ciki na huɗu ya zo a shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki. Duk bangon lungunmu ya cika da hotunan 'yan takara, wani a kan wani. Malam da abokansa kullum suna dakali suna gardamar wa zai ci, wa za a murɗe wa. Ni ba abin da ya dame ni. Na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna tsintar shinkafa sai in tashi in hau shara, in ajiye tsintsiya in koma ninke kayan da na riga na ninke. Abu ɗaya nake roƙo, in kai yaron nan ranar suna.

Wannan karon na koma awo ba tare da kowa ya tura ni ba. Na faɗa hannun wata dattijuwar nas mai faɗa, irin waɗanda ake gudun layinsu. Ta tambaye ni haihuwa nawa, na ce uku. Masu rai nawa? Na ce ɗaya. Wacce? Na ce ta fari. Ta ajiye biro.

"An taɓa gwada jininki?"

Na ce akwai wani kati tun tuni. Ta ce in kawo. Na je Sheshe na buɗe langar Inna, na tarar da shi a ƙarƙashin takardun gida, ko lanƙwasa bai yi ba, shekara tara. Da nas ɗin ta ga jan biron sai ta yi salati a hankali. Ta sa aka sake gwada ni, aka kira Malam shi ma aka gwada shi, sannan ta zaunar da ni.

Ta ce akwai wani abu da yake cikin jinin yawancin mutane, ni babu shi a nawa, shi suke kira negetib. Malam yana da shi, yaran kuma nasa suke ɗaukowa. A haihuwar fari jinin jaririya ya ɗan taɓa nawa, jinina ya ɗauke shi baƙo, ya haddace shi. Ita ta riga ta fito, ba abin da ya same ta. Amma duk wanda ya biyo bayanta, tun yana ciki jinina yake faɗa da nasa, in ya fito sai jinin ya yi ta lalacewa, ya zama shawara mai ƙarfi, ta hau ƙwaƙwalwa. Allurar nan ta kwana uku ita ce da za ta hana jinina riƙe abin.

Na ce, "To a yi mini yanzu."

Ta ce, "'Yata, lokacinta ya wuce. Yanzu abin da ya rage, ki haihu a nan. In Allah ya sa haihuwa ta riske ki a gida, a ranar ki kawo shi, ba washegari ba. Kuma ki dube shi a hasken rana, ba na fitila ba. Ki danna hancinsa da yatsa ki saki, ki ga kalar da za ta fito."

Ashe riƙon da ake faɗa ina da shi har cikin jini ne. Na koma gida na tarar da 'yata ta dawo daga Islamiyya tana cin ɗumame a bakin murhu. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa jan ta jikina a gaban mutane ba, haka aka koya mana. Ranar na tsaya ina kallonta, wani mugun abu ya taso mini a zuciya, wai ita ce ta buɗe wannan ƙofar. Bai daɗe ba ya wuce, amma ya zo, kuma har yau ina jin kunyarsa. Yarinya ba ta san komai ba, ta matsa mini kwanon ta ce in ci.

Malam bai yi musu ba, ya ce asibiti za a je. Inna ce aikin.

"Jini ya yi faɗa da jini? Uwa ta cuci ɗan da ke cikinta? Ke 'yar nan, in an faɗa miki magana ki riƙa aunawa. Tara na haifa a ɗakin nan, wace allura aka yi mini? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce mata ai abin da babba ya hango ne ya kai ni inda nake. Ban taɓa mayar mata da magana irin wannan ba. Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Daga baya aka shirya a kan zan zauna a Sheshe in wata ya kama, amma naƙuda tana tashi za a kai ni asibiti. Ta amsa da baki, amma ranar da na iso na ga tagar a toshe.

Naƙudar ta zo ranar Alhamis da sassafe, kuma ba ta yi jira ba. Lungunmu mota ba ta shiga, sai an yi tafiya mai ɗan tsawo kafin a kai bakin titi. Kafin a je Madabo a gaya wa Malam, kafin ya samo tasi, yaro ya faɗo. Namiji, da kukansa mai ƙarfi. Aka wanke shi, aka sa masa kwalli, ya kama nono kamar wanda aka yi wa horon yunwa.

Na ce a kai mu asibiti. Inna ta ce, "Haba ke kuwa. Kin sauka lafiya, yaro ya yi kuka, ya kama nono. Dube shi jawur. Me za ki je ki ce musu yana damunsa? Ki fita da shi yau kowa ya zuba masa ido a hanya?"

Malam yana soro da tasi a bakin titi. Suruki ne, ba zai shigo ɗakin Inna ya yi jayayya da ita ba. Ya aiko a tambaye ni me na ce. Ni aka tambaya, ba Inna ba. Na dubi yaron a hasken fitila na gan shi kyakkyawa. Jikina duk ya mutu. Kuma can ƙasan raina akwai tsoron ko Inna ce mai gaskiya, ko ido ne ya cinye biyun farko. Na ce a gaya wa Malam ya sallami mai tasi, a bari zuwa gobe. Da bakina na faɗa.

Wunin nan ban ga ta kwanciya ba. Ƙarshen bazara ne, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ga garwashi a ƙarƙashin gado. In na kwanta sai in tashi. In ɗauke shi, in kai shi kusa da fitila, in danna hancin. A hasken fitilar ƙwai komai rawaya ne, har tafin hannuna. In ajiye shi, in ce lafiyarsa ƙalau, kafin in juya in sake ɗaukarsa. Inna ta ce zan sa masa ciwon jiki da wannan ɗauke-ɗauken.

Ranar Juma'a da hantsi na lura tsotsonsa ya yi sanyi. Yana kamawa ya saki ya yi barci. Inna ta zagaya baya tana haɗa mini ruwan wanka. Na jawo akwatin nan nata, na hau, jiri yana ɗibana, na fizge tsumman tagar. Ƙura ta zubo mini a fuska. Haske ya sauko kan gado, ɗan kaɗan, amma ya isa. Na kai yaron ƙarƙashinsa na danna hancinsa na saki. Wurin ya fito kamar ƙwanduwar ƙwai. Na buɗe idonsa, haka. Tafin hannunsa, haka.

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. Na fito tsakar gida da shi a hannu, muka yi kiciɓis da Inna, tana riƙe da damin ganyen wanka yana ɗigar ruwa.

"Ina za ki?"

"Asibiti."

"Da ɗanyen jikin? Wallahi in kika fita da yaron nan..."

Ban bari ta ƙarasa ba, don na san abin da za ta ce, kuma na san in ta faɗa ba zai janyu ba. Na yaye zanin na miƙa mata shi a cikin hasken rana. Na ce, "Inna, dube shi. Dube shi kawai."

Ta duba. Ta san kalar, sau biyu ta gan ta a wurin wankan gawa. Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ta yi haka ba. Ta saki ganyen a ƙasa, ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta, ta karɓi yaron daga hannuna ta wuce gaba. Ni ce nake bin ta a baya ina dafa bango. Mata suna leƙowa daga zaure suna tambayar ko lafiya, ita dai sai ƙara sauri take yi. Ita da take ɓoye shi daga ido, ko rufe masa fuska ba ta tsaya yi ba.

A asibiti suka karɓe shi da gudu. Likitan, wani saurayi siriri, ya karanta katin ya tambaye ni yaushe aka haife shi. Na ce jiya da safe. Ya sunkuyar da kai ya rubuta kawai. Na gwammace da ya zage ni.

Aka tuɓe yaron, aka ɗaure masa ido da ƙyalle, aka sa shi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Likitan ya ce fitilar kaɗai ba za ta isa ba, sai an sauya masa jini, a riƙa zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ta cibiya ana mayar da wani. Kuma jinin sai irin nawa, amma ba nawa ba, tunda nawan ne yake faɗa da shi. Na Malam ba zai yi ba. Irin jinin ba shi da yawa, babu a ajiye. Inna ta naɗe hannun riga ta ce a ɗebi nata ko nawa ne. Suka ce shekarunta sun wuce. Ta ce wa ya gaya musu shekarunta?

Malam, da aka aika masa ya same mu a can, ya bazama cikin gari, ana ta shirin tafiya masallaci, ya tattaro 'yan uwana maza uku. Na babban yayanmu ne ya dace. Baduku ne, tun yana yaro yake huda fata da basilla, amma da ya ga allurar asibiti sai ya kama gumi yana cewa a dakata ya yi alwala tukuna. Inna ta ce, "Kwanta ka ba mutane wuri, ƙaton banza." Ya kwanta yana kallon bango yana ta hailala har aka gama.

Da yamma aka yi aikin. Ba su bar ni na shiga ba. Na auna barandar nan da ƙafa ban san sau nawa ba, nas tana cewa in zauna kada jini ya ɓalle mini, in zauna in sake miƙewa. Washegari Asabar aka rantsar da sabuwar gwamnati. Kowane lungu na asibitin da rediyo, masu gadi da masu jinya sun yi cirko-cirko suna saurare, wani yana cewa soja sun tafi kenan, wani yana cewa a dai juri zuwa rafi. Ni ina tsaye a jikin gilashi ina ƙirga numfashin ɗana. Ranar ce ya sake kama nono da ƙarfi.

Aka yi suna ba mai suna a gida. Ranar Alhamis aka yanka rago a Madabo, yana asibiti a ƙarƙashin fitilarsa. Inna ta zo da soyayyen nama cikin kwano, ta bi nas-nas ɗin ɗaya bayan ɗaya tana danƙa musu. Ta samu dattijuwar nan mai faɗa ta ba ta kaso biyu. Na yi kuka ranar, na daɗi, har ƙirjina ya yi ciwo.

Da za a sallame mu likitan ya ce yaro ya tsira, amma shawarar ta hau sosai kafin a kawo shi, in riƙa lura da jinsa. Na ce to. Na ɗauki maganar na saka ta inda aka saka katin nan, na mayar da murfi. Yaro yana ƙiba, yana murmushi, yana bin fuska da ido. In zuciyata ta ce ai bai firgita da tsawar jiya ba, sai in ce mata nauyin barci gare shi irin na ubansa.

Yana da wata huɗu muka je wuni Sheshe. Na kwantar da shi a tabarma a ɗakin Inna, idonsa biyu, yana kallon hasken tagar, wadda ba a sake toshewa ba. Inna ta miƙa hannu za ta sauko da langar nan don ta mayar da katin da na dawo mata da shi, murfin ya suɓuce ya faɗi a daɓe, dab da kansa. Ƙarar ta sa 'yata da ke tsakar gida ta rugo. Ni kaina sai da na zabura. Shi ko ƙiftawa bai yi ba, yana ta wasa da ƙafarsa.

Inna ta sunkuya ta ɗauki murfin, ta zagaya ta bayansa, ta sake shi da gangan. Bai juya ba. Ta sake ɗauka, ta koma ɗaya gefen, ta sake. Ta sunkuya za ta ɗauka na huɗu.

Shekara tara da wata huɗu nake tara maganar da zan gaya mata, na jera ta tsaf, ga ranar ta zo. Amma na san wadda ta ce a sallami mai tasi. Na riƙe hannunta, murfin yana ciki.

Na ce, "Inna, bari haka. Yana raye."

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Can ta jawo shi ta ɗora a cinya, ta sa bakinta a kunnensa ta kira sunansa, a hankali, sau uku. Yaron ya ji ɗumin numfashinta, ya juyo ya yi mata dariya.